Marayuna a Gwangwanin Bi Nunu

Masu bibiyata, ku yi haƙuri da shirun kwana tara da na yi muku. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta rubuto cewa idan na auri Faki, mai neman aurena, ban sanar da ku ba, ba ta yafe ba. Ban aure shi ba, 'yar'uwa, ki janye. Ga wanda ya shigo yau kuwa, sunana Miza, shekarata ashirin da huɗu, ina koyar da 'yan aji biyu a wata firamare a nan Wete, tsibirin Pemba. Ciwona guda ne tun ina ƙarama: bakina ba ya buɗuwa a inda ya kamata ya buɗu.

Ranar Alhamis da ta wuce na dawo daga makaranta, na tsallake tabarmin kanumfarin da aka shanya a tsakar gida, na tarar da Mama a kan kujerar kankare kwakwa. Ta ɗaura sabon kanga ruwan goro, irin zanen nan namu mai rubutu a gefe, kuma ta juya gefen rubutun daidai ƙofar ɗakina. Habaici ne ga mai jan ƙafa. Mama ba ta ɗaura zane a banza.

"Ranar Lahadi da hantsi Shangazinki za ta zo," ta ce, ba ta ko ɗago ba. Shangazi Mwaka ƙanwar mahaifina ce, ita ke kai magana tana kawowa tun rasuwarsa. "Mutanen Faki sun yi wata uku suna jira. Ba wanda zai ɗaure ki ya kai ki. Amma ko eh ko a'a, ki ba mu ɗaya mu kai musu. Mun gaji da sunkuyar da kai a kasuwa."

"To, Mama."

"To mene? To eh, ko to a'a?"

"To, na ji."

Ta yi tsaki, ta ci gaba da kankare kwakwarta kamar da ita take faɗan.

Kada ku tsani Faki, don Allah, domin ni ma na nemi abin tsana a jikinsa na rasa. Yana da gonar kanumfari da shagon kayan babur, ba ya ɗaga murya, idan ya zo gaida Mama takalminsa tun daga bakin titi yake cirewa. Ina shiga ɗaki na cire mayafi, sai ga saƙonsa, hoton wata ƙofar katako ce a gidan da yake ginawa.

"Malama, barka da dawowa. Wane fenti kike so a ƙofar nan? Mai fenti yana jira."

Na daɗe ina kallon ƙofar. Na rubuta, "Duk wanda ka ga ya dace." Ya turo fuska mai murmushi. Ni kuwa na kifa wayar a kan gado na ji kamar na ci amanar mutumin da bai yi min komai ba, domin zuciyata tana can Maskat ta ƙasar Larabawa, wajen wanda bai ma san ta bi shi ba.

Bari in koma baya kaɗan. Duk Asabar bayan la'asar muna haɗuwa a dakalin gidan Bi Nunu (Bi a wajenmu kamar a ce uwargida ne), tsohuwar malamar da ta yi ritaya, mu takwas ko tara, masu son rubutu. Muna kiran kanmu 'yan Dakali. Dokar Bi Nunu kuwa ba irin ta kowa ba ce. Ranar Alhamis kowa zai kai mata abin da ya rubuta da hannu, a ɓoye. Ita za ta buga su a tsohuwar kwamfutarta, ba suna, ba alama, don kada a gane rubutun hannu. Ranar Asabar wani daban zai karanta, a tattauna, a yaba, a soke, mai shi yana zaune ba halin ya kare kansa. Idan an gama sai ta ɗaga takardar ta yi tambaya sau uku: "Ɗan waye wannan?" Wanda ya amsa, sai ya miƙe ya sake karanta shi da bakinsa. Idan ba a amsa ba, sai ta naɗe takardar ta jefa a wani tsohon gwangwanin biskit da muke kira gidan marayu.

Shekarata uku a Dakali. Marayu goma sha huɗu ne a gwangwanin nan, kuma duk ni na haife su.

Kada ku ce zaman banza na yi. Lokacin da na fara zuwa, rubutuna kamar insha'in jarrabawa yake, kowace jimla da ɗamararta. Maalim Sheha, tsohon tela mai rubuta waƙa, shi ya fara cewa, "Mai wannan rubutun tsoron jan biro yake ji. A gaya masa nan ba aji ba ne." Na koma gida na yi kuka, na kuma sake rubutawa. A Dakali na koyi cewa idan na ce mace tana baƙin ciki ba wanda zai damu, amma idan na ce ta dafa shayi kofi biyu alhali ita kaɗai ce a gidan, kowa zai yi shiru. Alƙalamina ya samu ƙafa a wajen mutanen nan. Bakina ne kawai ya ƙi tashi.

Kombo ne ya karanta marayana na farko. Dogo ne, baƙi, yana gyaran injin jiragen kamun kifi, kullum akwai baƙin mai a ƙarƙashin farcensa, amma idan ya riƙe takarda sai ka ce ƙwai ya riƙe. Ya kai tsakiya ya tsaya, ya maimaita wata jimla, sannan ya ce, "Mai wannan yana ganin abin da mu muke takawa mu wuce." Ina zaune a ƙarshen tabarma ina wasa da bakin mayafina. Tun ranar ban sake rubuta komai ba sai ina jin sa da muryarsa a kunnena. A shekara biyu da 'yan watanni, maganar da ta haɗa ni da shi ba ta wuce gaisuwa da "miƙo min butar shayi" ba.

Wata takwas ke nan da ya tafi Maskat aiki a garejin kawunsa. Bai bar Dakali ba. Ranar Juma'a Bi Nunu tana tura masa abin da ta buga, shi kuma ya turo sharhinsa da murya, a kunna mana a waya ranar Asabar. Wallahi saboda minti ukun nan nake rayuwa daga mako zuwa mako. Ina da saƙonninsa talatin da ɗaya a wayata, na san inda yake jan numfashi a kowanne.

To, a Alhamis ɗin da Mama ta ba ni wa'adi, kafin magariba na ɗauki buibui ɗina, baƙar abayar da nake zuwa unguwa da ita, na nufi gidan Bi Nunu da shafi uku a naɗe cikin jaka. Labarin wata ce da ta je tashar jirgin ruwa rakiyar wani, ta dawo ba ta faɗi abin da ta je faɗa ba. A cikin labarin na saka rigar Kombo mai ruwan toka da maɓallin hannunta ya cire. Na saka kwalin da ya ɗaure da igiyar kamun kifi. Ban taɓa kusantar gaskiya haka ba.

Bi Nunu ta sa tabarau ta karanta a tsaye. Ta dube ni ta saman gilashin.

"Yarinya, gwangwanina ya kusa cika da 'ya'yanki. Ni ba gwamnati ba ce da zan yi ta riƙon marayu."

"Bi, wannan ma ki bar shi ba suna."

"Doka ce, ba zan tona ki ba. Amma wannan yaron yana kama da ubansa ƙwarai. A yi hattara."

Asabar ta zo. Na sa doguwar riga ruwan zuma da Mama ta ɗinka min da ƙaramar salla, na shafa turaren da ba na shafawa sai biki, kamar Kombo zai ji ƙamshi ta waya. Tatu ta biyo min kamar kullum. Tatu ƙawata ce tun aji ɗaya, mai shagon lalle, mace mai baki kamar rediyo. Labaran ban dariya take rubutawa, kuma kafin Bi Nunu ta rufe baki a tambayar farko ta riga ta yi tsalle ta ce nata ne. Ko ita ban taɓa gaya wa marayun nawa ne ba. Sai dai duk ranar da aka soki ɗaya daga cikinsu, Tatu ce ke tashi ta tsaya masa kamar za ta yi dambe.

An shimfiɗa tabarmi, an kawo shayi mai citta da mandazi, irin fankenmu, a faranti. Aka karanta waƙar Maalim Sheha a kan keken ɗinkinsa, aka yi dariya, ya amsa abinsa yana gyara hula. Sannan aka zo kan nawa. Wata ɗalibar koyon jinya ce ta karanta. Da ta kai wajen maɓallin hannun riga, na ji dakalin ya yi tsit, har kukan akuyar maƙwabta ana ji.

Maalim Sheha ya kurɓi shayi. "Ya yi kyau. Amma ina da ƙorafi. Mun ga namijin tun daga hula har takalmi. Ita fa? A ina take tsaye? Kusa da shi, ko nesa? Marubucin ya ɓoye ta kamar kayan sata."

"Haba Maalim!" Tatu ta zabura. "Kai komai sai an auna maka da tef? Mace tana ƙonewa kana tambayar inda ta ajiye ƙafa!"

"Ni tela ne, 'yar nan. Rigar da ba a auna ba, ba ta zama a jiki."

Bi Nunu ta ɗaga hannu. "Ku saurara, ga na Maskat." Ta jingina wayar da butar shayi ta danna.

Ƙarar injin ce ta fara fitowa, sannan muryarsa, ta ɗan dushe fiye da da.

"Salamu alaikum 'yan Dakali. Bi Nunu, ina gaisuwa. Maalim, ina gaisuwa. Yau ba sharhi zan yi ba, ku gafarce ni. Na karanta labarin tashar jirgi sau shida. Rigar tawa ce. Kwalin nawa ne. Na daɗe ina zargin wacece uwar marayun nan, yau na tabbatar."

 Jama'a, na damƙe kofin shayi har yana ƙona ni ban sake ba.

"Mace ɗaya ce daga Dakali ta zo tasha ranar da na tafi. Ta kawo min mandazi a leda, ta yi ta zolayata har jirgi ya yi ƙaho. Ashe dariyar rufi ce. Tatu, ki daina ɓuya. Ki amsa 'ya'yanki. Ina zuwa da babbar salla, kuma ina da magana da mutanen gidanku."

Dakali ya kaure. Ɗalibar jinya ta rangaɗa guɗa, Maalim Sheha yana tafa cinya yana cewa, "Ashe! Shi ya sa take neman cinye ni ɗanye!" Na juya na dubi Tatu, ina jiran ta fashe da dariya ta ce ku rufa min asiri, ni ina ni ina irin wannan rubutu. Ba ta ce ba. Tatu mai baki kamar rediyo ta sunkuyar da kai tana murza zoben hannunta.

Eh, ta je tasha ranar. Na gan ta. Ni ma na je, amma ina bayan rumfar masu sayar da tikiti, da ƙullin kanumfari a hannuna wanda na tsince ɗaya bayan ɗaya don ya riƙa jefawa a shayi a can. Da shi na dawo gida.

Bi Nunu ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki takardar ta ɗaga sama, ba ta kalli kowa ba, sai bishiyar mangwaron da ke gaban gida.

"Ɗan waye wannan?"

"Tatu, tashi mana!" in ji wani.

Tatu ba ta motsa ba. Ni ma haka. Zuciyata tana cewa, ki bari, Miza. Gobe ki ce wa Shangazi eh, a yi wa ƙofa fenti, ki zauna lafiya. Wa ya taɓa mutuwa don ya yi shiru?

"Ɗan waye wannan?"

Na tuna talatin da ɗayan nan da ke cikin wayata. Na ga kaina a bikin Tatu ina raba wa baƙi halwa, alewarmu ta biki, ango yana karanta mata jimlolina.  Ba kishi kaɗai ne ya kama ni ba, ku yarda da ni. Ji na yi kamar an shigo ɗakina ana kwashe kayana ina kallo, kuma ni na buɗe ƙofar.

Bi Nunu ta jawo gwangwanin da ƙafa, ta buɗe murfin. Ta fara naɗe takardar a hankali, a hankali, ban taɓa ganin ta yi jinkiri haka ba.

"Na ƙarshe. Ɗan waye wannan?"

"Nawa ne."

Muryar ta fito siririya kamar ta ɗan aji biyu mai neman izinin fita. Maalim Sheha ya sa hannu a kunne. "Wa ya yi magana?"

Na miƙe. Shayi ya zube a rigata ruwan zuma. "Ni ce, Maalim. Nawa ne. Da na cikin gwangwanin, duka. Kuma ka tambayi inda take tsaye. Bayan rumfar tikiti take, inda ba zai gan ta ba."

Ba wanda ya yi guɗa a wannan karon. Maalim Sheha ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya daɗe yana kallona. "Shekara uku," ya ce, "ina zagin rubutunki a gabanki kina zuba min shayi. Allah ya shirye ki, Miza. To karanta mana."

Bi Nunu ta miƙo min takardar, ta ɗauki wayarta ta danna wajen ɗaukar murya. "Doka ce. Wanda ba ya nan ma yana da haƙƙin ji."

Na karanta. Layin farko na yi tuntuɓe sau biyu, ɗalibar jinya ta matso ta riƙe min gefen mayafi kamar mai riƙe mara lafiya. Daga shafi na biyu muryata ta zauna. Ban taɓa jin kalmomina a bakina ba, ashe sun fi sanin hanya a nan. Da na gama, Bi Nunu ta tura wa Kombo, ta juye gwangwanin a cinyata, takardu goma sha huɗu, wasu har sun yi ja don daɗewa. "Kwashi 'ya'yanki," ta ce, idonta ya kawo ruwa. "Na gaji da ciyar da su."

Da na waiga, Tatu ta tafi. Ko mandazinta ba ta ƙarasa ba.

Kafin in kai gida, alamar nan biyu ta gefen saƙo, mai nuna an buɗe shi, ta koma shuɗiya a wayar Bi Nunu, ta turo min hoton. Kombo ya saurara. Na jira. Na yi magariba, na duba. Na taya Mama tace shinkafa, na duba har ta ce ko wayar ce za ta aure ni. Na kira Tatu sau uku, wayar tana ƙara ba a ɗauka. Da asuba na duba, babu komai sai saƙon Faki: "Na zaɓi shuɗi, malama. Allah ya sa ya yi miki."

Da hantsi Shangazi Mwaka ta iso da buibui ɗinta mai duwatsu a hannu, tana fifita da gefen mayafi. Aka shimfiɗa mata sabuwar tabarma a falo, Mama ta kawo gahawa da dabino, aka kira ni. Na durƙusa na gaishe ta, na sumbaci hannunta.

"To, 'yar ɗan'uwana, me zan kai wa mutane? Kada ki ce min to. Uwarki ta ce buhun to gare ki a ɗaki."

Da Miza ta makon jiya ce, da ta kalli tabarma har a gaji a yanke mata. Amma wadda ta tsaya gaban Maalim Sheha ba ta ga abin tsoro a falon uwarta ba.

"Shangazi, ki ba su haƙuri. Faki mutumin kirki ne, ya cancanci wadda za ta so shi da zuciya ɗaya. Tawa tana wani wuri."

Mama ta ajiye butar gahawa. "Wane wuri?"

"Kombo. Mai gyaran injin nan, wanda ya tafi Maskat."

"Ya aiko ne?"

"A'a."

"Ya ce ki jira shi?"

"Bai ce ba."

"To me ya ce miki?"

"Bai ce komai ba, Mama. Sai jiya ma ya san ina yi."

Shangazi ta tafa hannu ta yi salati. "Kin ji min yarinya! Ki saki gida mai ƙofa, ki kama iska?" Mama kuwa ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi min ciwo. Kallona kawai take kamar yau ta fara ganina. Can ta ce a hankali, "Shekara ashirin da huɗu ina jiran ki buɗe baki. Da kika buɗe, abin da ya fito ke nan." Ta juya ga Shangazi. "Ki kai musu a'a. Ki kai da mutunci."

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, ina jin muryar Shangazi tana ta mita har bakin ƙofa. Na rubuta wa Faki saƙon ban haƙuri da hannuna, don bai kamata ya fara ji a bakin wani ba. Ya karanta. Ya rubuto, "Allah ya zaɓa mana mafi alheri, malama." Na yi kuka sosai, kukan tausayinsa da na tsoron abin da na aikata.

Ina share ido wayar ta yi ƙara. Saƙo ne daga lambar Kombo ta ƙasar waje, wadda na haddace tun wata takwas ban taɓa kira ba.

"Miza?"

"Na'am," na rubuta.

"Duka goma sha biyar ɗin ke ce?"

"Ni ce."

Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Na ƙura wa fuskar wayar ido har ta dushe na taɓa ta ta dawo. Sannan saƙon ya shigo.

"To Tatu fa, da na yi wata biyu ina rubuta mata wasiƙa a kansu, tana ba ni amsa, ba ta taɓa cewa ba nata ba ne?"